Ƙaramin Laifin Direba Tsawa

Akwai wani direban motar rabon kaya da abokan aikinsa suka laƙaba wa suna Tsawa. Ba don mugunta ba ne. Murya ce Allah ya ba shi mai ƙarfi. In ya ce "sannunku da aiki" a bakin sito, har mai gadin da ke can ƙarshen layi sai ya amsa.

Mutum ne mai kyauta, mai son 'ya'yansa, ba ya taɓa kayan kowa. Matsalarsa ɗaya ce, zuciya. Kafin ka rufe baki ya hau, kafin ya yi tunani hannunsa ya riga shi.

Matarsa ta sha ce masa, "Baban yara, wannan zuciyar taka wata rana sai ta kai mu inda ba ma so."

Sai ya yi dariya ya ce, "To ai ga ki. In ta yi zafi ki zuba mata ruwa."

Wata rana da hantsi ya shiga wani matsattsen layi mai shaguna hagu da dama, zai sauke katan-katan na sabulu. Rana ta take, manaja kuma ya dame shi da kira. A daidai inda zai ja motar baya akwai wani tsoho da ya kafa ɗan teburinsa mai gilashi a ƙarƙashin laima, yana gyaran agogo.

Tsawa ya danna hon. Tsohon ya ɗago kai ya ce, "Ɗana, ɗan yi haƙuri. Na buɗe cikin agogo ne, in na motsa yanzu ƙananan kusoshin za su watse."

Tsawa ya ƙara danna hon, ya daɗe bai ɗaga hannu ba. Da ya ga tsohon bai tashi ba, sai ya diro daga mota ya kama teburin zai ja gefe. Tsohon ya riƙe. Tsawa ya sa hannu ɗaya ya ture shi.

Shi a ganinsa ba da ƙarfi ya yi ba. Amma tsohon ya tafi da baya, ya dafa ƙasa da hannun dama, tabaraunsa ya faɗi ya fashe. Kan ka ce me, layin ya cika da mutane. Wani ya kira 'yan sanda.

A ofishin 'yan sanda aka karanta masa abin da ake tuhumarsa da shi: cin zarafi da jawo rauni. Kawunsa, wani tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya, shi ya zo da sandarsa ya tsaya masa beli. Aka sa ranar zuwa kotu. Washegari manaja ya karɓe makullin mota ya ce ya zauna a gida har a ga yadda shari'a za ta kaya.

Tun daga nan abinci ya daina shiga. Tsawa da ake jin muryarsa daga nesa ya koma magana kamar mai ciwon maƙogwaro.

Ya je wurin wankin mota inda direbobi ke taruwa, ko zai samu mai kwantar masa da hankali. Nan fa kowa ya zama lauya.

Wani ya ce, "Kai, da zarar an ce tuhuma, ai magana ta ƙare. Wani maƙwabcinmu haka aka tafi da shi, ya dawo da furfura."

Wani ya ce, "Kuma tsoho ka taɓa. Alƙalai ba sa wasa da wannan."

Mai wankin motar ya matso kusa, yana matse tsumma, ya rage murya. "In ni ne kai, wallahi gari zan bari. Ka je wani wuri ka yi shekara biyu, kafin ka dawo an manta."

Da safe, bayan yara sun tafi makaranta, matarsa ta shiga ɗaki ta same shi yana cusa kaya a jaka. Ta tsaya a bakin ƙofa, hannunta da kumfar wanke-wanke.

"Ina zuwa?"

"Zan ɗan yi nisa. In na samu aiki zan aiko muku."

"To Kawu fa?"

Ya ci gaba da cusa kaya a jakar.

"Kawu da ya zo da ciwon gwiwa ya sa hannu dominka, shi za ka bar wa 'yan sanda? Kuma in yara sun dawo sun ce ina Baba, in ce musu me?"

Ya zauna a bakin gado ya dafe kai. "Maman yara, ɗaure ni za su yi. Shekaru. Gara su ji an ce ya gudu da su ji an ce yana gidan yari."

"Wa ya ce maka shekaru? Mai wankin mota? Tashi ka wanke fuska. Maƙwabciyarmu ta gaya mini akwai lauyoyin da ke sauraron marasa ƙarfi kyauta. In lauya ya ce ka gudu, ni da kaina zan ɗaukar maka jaka."

Suka tafi tare. Ofishin lauyoyin yana saman wani shagon magani. Matakala ce matsattsa, sai dogon benci, da fanka mai ƙara kamar za ta faɗo. Da layi ya zo kansu, suka samu wata mata mai matsakaicin shekaru a bayan tebur, ga kofin shayi da ya huce a gefenta.

Ta karanta takardar tuhumar, ta sa shi ya faɗi abin da ya faru da bakinsa. Sannan ta tambaye shi, "Ka riƙe wani abu a hannu? Ƙarfe, sanda, wuƙa?"

"A'a, ranki ya daɗe."

"An taɓa kai ka kotu?"

"Ko hanyar ban sani ba."

"To saurara. Da farko dai, tuhuma ba hukunci ba ce. Zargi ne, sai kotu ta saurari kowa. Na biyu, doka ba ta zuba laifuka duka a kwando ɗaya ba. Akwai manya, irin su kisa, fashi da makami, ko yi wa mutum raunin da zai nakasa shi. Waɗannan su ne masu ɗauri mai tsawo. Akwai kuma ƙanana, kamar tayar da hankali a bainar jama'a, ɓata ɗan wani kaya, ko ture mutum ba tare da mummunan rauni ba. Abin da aka rubuta a nan, ƙaramin laifi ne."

Tsawa ya ɗago kai. "Ƙarami?"

"Ƙarami. Irinsa yawanci tara ce, ko gargaɗi, ko a sa mutum aikin yi wa jama'a hidima. Ana iya ɗauri, amma gajere, kuma ga wanda bai taɓa yi ba sau da yawa ba a kai wa can. Ban yi maka alkawari ba, alƙali ne mai yanke hukunci."

Matarsa ta ce, "Ranki ya daɗe, gaya masa abin da zai faru in ya gudu. Jakarsa na nan a kan gado."

Lauyar ta ajiye biro ta dube shi. "In ka ƙi zuwa kotu, za a ba da umarnin kamo ka. Belinka ya rushe, wanda ya tsaya maka ya shiga matsala, kai kuma ka ƙara wa kanka sabon laifi. Da ƙafarka za ka mayar da ƙaramin abu babba."

Ta ƙara da cewa, "Amma kar kalmar ƙarami ta ruɗe ka. Laifi ne, kuma in an same ka da shi zai shiga tarihinka."

Wannan ta ƙarshen ba ta shiga kunnen Tsawa ba. Kalma ɗaya ya ɗauko ya sauko da ita daga benen: ƙarami.

Da yamma ya koma wurin wankin mota, muryarsa ta dawo har da ƙari. "Ku da kuke cewa an gama da ni! Ashe ƙaramin laifi ne! Lauya ce ta faɗa. Tara kawai zan biya in kaɗe rigata."

A gida matarsa ta ce, "To yanzu da hankalinka ya kwanta, ya jikin tsohon?"

"Wane tsoho? Ai ba abin da ya same shi. Doka da kanta ta ce ƙarami ne. Shi ma da ya tashi lokacin da na ce ya tashi, da duk haka ba ta faru ba."

Ta dube shi, sannan ta kwashe kwanuka ta fita.

Ana nan, wata rana ya fita sayen fitilar ɗaki, hanya ta biyo da shi ta bakin layin nan. Bai yi niyyar leƙawa ba, idonsa ne ya kai. Wurin tsohon wayam. An naɗe laimar an jingine ta da bango, ƙura ta rufe ta.

Mai gyaran takalmin da ke gefe ya gane shi. Bai yi masa tsawa ba, bai zage shi ba. Ya ci gaba da ɗinkinsa ya ce, "Kai ne direban ko? Baba bai ƙara fitowa ba."

"An ce ai ba karaya ba ce."

"Targaɗe ne. A wurinka da wurina, targaɗe ba komai ba ne. Shi kuwa da 'yan yatsun nan yake ɗaukar kusar da ba ta kai ƙwayar yashi ba. Yanzu ko cokali ya riƙe rawa hannun yake yi. Masu agogo suna ta zuwa suna komawa."

Tsawa ya tsaya riƙe da fitilarsa. Mai takalmin ya ciji zare ya ce, "Tun ina yaro nake ganinsa a nan. Da wannan teburin ya yi wa 'yarsa karatu har ta zama malamar asibiti."

Tsawa bai san yadda ya iso gida ba. Ya zauna a tsakar gida bai cire takalmi ba. Matarsa ta kawo masa ruwa, ya karɓa ya riƙe bai sha ba.

Can ya ce, "Maman yara, da a ce Kawu wani ya ture haka, aka ce mini ƙaramin laifi ne, da me zan yi?"

Ta ce, "Da yanzu kai ma kana bayan kanta."

Washegari ya sake hawa benen. Ya ce wa lauyar yana so ya je ya ba tsohon haƙuri.

Ta ce, "Tunani ne mai kyau, amma kar ka tafi kai kaɗai. Shari'a na gaba, za a iya ɗauka ka je tsorata shi ne ko sayen bakinsa. Bari in nemi iyalinsa. In sun yarda, mu tafi tare. In sun ƙi, ka haƙura."

Da farko 'yar tsohon ta ƙi. Daga baya ta kira ta ce Baba ya ce a bar shi ya zo.

Suka je gidan tsohon tare da lauyar. Ɗaki ne ƙarami mai tsabta, bangonsa cike da agogai, wasu na tafiya wasu sun tsaya. Tsohon na zaune a kujera, hannunsa naɗe da bandeji. 'Yarsa na tsaye a bayansa da kayan aikinta na asibiti, ta harɗe hannuwa.

Kafin Tsawa ya buɗe baki ta ce, "Labari ya iso mana. An ce kana yawo kana cewa ƙaramin laifi ne. To ga ƙaramin laifin naka nan, ka dube shi. Ni ke ɓalle masa maɓallin riga da safe."

Tsawa ya durƙusa.

"Baba, na zo ne ba don kotu ba. Ko za a ɗaure ni, sai na faɗi wannan. Ka ce in yi haƙuri, ka kira ni ɗanka, ni kuma na ture ka. Ba ni da wata hujja. Ka yafe mini."

Tsohon ya dubi hannunsa mai bandeji. Sannan ya ce, "Hannun zai warke in Allah ya so. Ka san abin da ya fi yi mini ciwo? Ina kwance a ƙasa ina lalube ina neman tabarau, na ji mutane sun zagaye ni, wasu suna ɗauka a waya. Duk tsawon zamana a layin nan ba wanda ya taɓa ganina a ƙasa."

Hawaye suka zubo wa Tsawa, bai share ba.

Tsohon ya ce, "Tashi, tashi. Ƙaton mutum kamarka zai fasa mini siminti da gwiwa. Na yafe. Amma kotu sai mun je, don ni ban iya janye abin da ke hannun hukuma ba."

"Ban ce ka janye ba, Baba."

Da suka fito, 'yar ta biyo su bakin ƙofa. Fuskarta ba ta saki ba, amma muryarta ta sauka. Ta ce likita ya rubuta wa Baba zuwa asibiti ana gasa masa hannun, ita kuma aiki ba ya barinta ta riƙa kai shi kullum. Tsawa ya dubi lauya, lauya ta ce in dai su suka nema, ba matsala.

Haka ya riƙa aro babur ɗin maƙwabcinsa yana kai tsohon asibiti. Yana tuƙi a hankali har masu keke na wuce su. Wata rana tsohon ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ɗana, in da ƙafa muka taho ai da mun isa. Ina gaggawar taka ta tafi?"

Ranar shari'a, Tsawa ya sa farar riga, Kawu a gefensa da sanda, matarsa a bencin baya. Ba irin kotun da ya zana a ransa ba ce. Ɗaki ne mai tagogi a buɗe, ana ta kiran mutane ɗaya bayan ɗaya: wannan ya zubar da shara a kan titi, wancan ya yi faɗa a tasha.

Lauyar ta riga ta gaya masa yana da 'yancin musantawa. Da aka karanta tuhumar aka tambaye shi, ya ce, "Na aikata, ya mai shari'a."

Alƙali ya tambayi tsohon ko yana da magana. Tsohon ya miƙe ya ce, "Ya mai shari'a, ya ture ni, gaskiya ne. Ya zo ya durƙusa ya ba ni haƙuri, wannan ma gaskiya ne. Ina roƙon a yi masa sassauci, yana da yara."

Alƙali ya yi rubutu, sannan ya ɗago. "Doka ta sa wannan a cikin ƙananan laifuka, kuma shi ne karonka na farko. Amma ka sani, da kan wannan dattijo ya bugi bakin kwata, da yanzu wata tuhumar ake karanta maka a wata kotun. Tsakaninka da babban laifi taku ɗaya ne, kuma ba dabararka ce ta hana ba."

Ya yanke masa ɗaukar nauyin maganin tsohon, da sharar harabar asibitin gwamnati na wasu makonni, tare da gargaɗin cewa in ya sake dawowa ba za a yi masa da sauƙi ba.

A waje Kawu ya ɗaga sandarsa kamar zai buga masa, sannan ya sauke ya rungume shi.

Manaja ya duba dokar kamfani, ya ga babban laifi ne ke jawo kora. Ya mayar masa da makulli tare da takardar gargaɗi. Tsawa ya riƙa sharar asibiti da sassafe, sannan ya wuce sito. Hannun tsohon kuwa ya ci gaba da samun sauƙi, har ya fara karɓar aiki kaɗan-kaɗan.

Wata rana da yamma, babbar 'yarsa ta dawo daga makaranta fuska a kumbure. Ta ajiye jaka ta tsaya a gabansa.

"Baba, wata a ajinmu ta ce ta gan ka kana shara a asibiti. Ta ce wai kai mai laifi ne."

Matarsa da ke kicin ta daina motsa cokali.

Tsawa ya jawo yarinyar ya zaunar da ita kusa da shi. "Gaskiya ta faɗa. Na yi fushi na ture wani dattijo ya ji ciwo. Alƙali ya ce in yi shara, ina yi. Ban gudu ba, ban yi ƙarya ba."

"Babban laifi ne?"

"A wurin doka ƙarami ne. A wurin dattijon ba ƙarami ba ne."

Ta yi tunani. "To in ka gama sharar, shi ke nan an gama?"

"Na kotu ya ƙare. Nawa kuma da saura, don har yanzu ina koyon riƙe hannuna."

Yarinyar ta ɗora kanta a kafaɗarsa. Can ta ce, "Gobe zan gaya mata babana ne, kuma ya fi kowa iya shara."

Darasi: In aka tuhume ka, kar tsoro da surutun mutane su yanke maka hukunci kafin alƙali. Nemi wanda ya san doka, domin laifuka hawa-hawa ne, gudu kuma yana mayar da ƙarami babba. In kuma aka ce laifinka ƙarami ne, ka tuna hukuncin aka auna, ba ciwon wanda ka cuta ba. Je ka nemi yafiyarsa. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, wataƙila akwai wanda jakarsa ke kan gado yanzu haka.